Darasin buta da tabarma: yadda aikin aji huɗu yake tafiya

Litinin, 23 ga Satumba, 2024

Ina koyar da darasin addinin Musulunci a wata firamaren gwamnati a Tudun Wadan Zariya, kuma bana aji huɗu ne a hannuna. Aikin da na ɗauko shi ne, kafin shekarar karatu ta ƙare, kowane yaro a ajin nan ya yi alwala da salla a gabana da gaɓoɓinsa, ba a takarda ba. Zan riƙa rubuta yadda abin yake tafiya, ko wani malamin zai tsinci abin da zai amfane shi.

Ga abin da ya jawo. A jarrabawa da wuya ka sami yaron da zai kasa jero maka farillan alwala bakwai: niyya, wanke fuska, wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuccuɗawa, gaggautawa. Rera su suke yi kamar 'yan amshi. Amma je ka tsaya bakin masallacin unguwa da Azahar ka kalli yaran nan su dai. Ruwa bai kai gefen kunne ba, gwiwar hannu a bushe, ƙafa kuwa ana kwara mata ruwa tana cikin silifa, a wuce sahu.

Ba ƙarancin karatu ke damunsu ba. Yawancinsu makaranta biyu suke yi, wasu uku: allo da asuba, boko da safe, Islamiyya da yamma. Malamin allo yana ganin nasa Alƙur'ani ne, na Islamiyya yana bin littafi babi-babi, mu na boko muna bin manhaja, iyaye kuma sun saki jiki tunda yaro yana zuwa duka ukun. Kowa na zaton wani ya duba.

Lokaci ne ƙalilan. Tun Janairun 2022 makarantun gwamnati a jihar nan kwana huɗu suke yi, Litinin zuwa Alhamis, darasina kuma sau biyu yake fitowa a jadawali, minti 35 kowanne. Na tsara ɗaya a aji, ɗaya a waje ƙarƙashin dogon yaro. Hedimasta ya ce, "Malam, ban hana ka ba, amma kada ka mayar mini da harabar makaranta fadama, kuma manhaja ta ƙare a kan lokaci." 'Yan ajin da suke Kiristoci suna fita da malamarsu a wannan lokacin, tunda tun 2017 aka sake ware darussan addinin biyu kowanne da kansa. Mun raba inuwa da ita, ta ɗauki barandar ofis.

Laraba, 9 ga Oktoba

Mun fara fita. Na roƙi iyaye aron tsofaffin butoci, aka kawo, har da mai yoyo ta gindi. Na kasa yaran rukuni-rukuni, maza gefe guda, mata gefe guda tare da Malamar aji uku da ta yarda ta ba ni aron lokacinta. A kowane rukuni mutum ɗaya ke alwala, saura suna kallo, ba mai buɗe baki sai ya gama. In ya gama sai in tambayi masu kallo, me ya bari? Tambayar nan ta fi dogon bayani a allo aiki, domin yaro ba ya ganin nasa kuskuren, amma na abokinsa ko daga nesa ya hango shi.

Abin da aka fi kamawa shi ne iyakar fuska. Tsawonta daga matsirar gashin kai zuwa ƙarshen haɓa, faɗinta daga kunne zuwa kunne, su kuwa hanci da kumatu suke jiƙawa. Sai gwiwar hannu. Aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta ce a wanke har zuwa gwiwar hannu, malamanmu suka ce har da ita kanta, to amma yaro ya ga wahalar naɗe hannun riga sai ya tsaya a tsakiyar dantse. Sai cuccuɗawa, wadda a Malikiyya farilla ce, ba a zuba ruwa a bar shi ya gangara da kansa.

Batun ruwa na san zai taso, don haka na zo da mudunnabi, irin wanda ake awon zakkar kono da shi. Hadisin Anas a Buhari da Muslim ya ce Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Abin da mudun ke ci bai kai lita ɗaya ba, ya ɗan ɗara ledar fiya wata. Na cika shi na yi alwala a gabansu har ruwa ya ragu. Wani daga baya ya ce, "Malam, ai dabara ka yi." Na ce to taso ka koyi dabarar.

Talata, 29 ga Oktoba

Mako guda ke nan da ɗoriya babu wuta a yawancin Arewa. Masu burtsatse ba su iya tura ruwa sai da janareta, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka, kuma ko da kuɗinka sai ka yi sa'a kura ta biyo ta layinku. Ba zan sa yara su zubar da ruwa a ƙasa don koyo ba alhali a gidajensu na sha ake nema. Taimama tana can gaba a tsarina, sai na jawo ta.

Darasin ya zo a kan gaɓa. Da na ce su nuna mini, rabin ajin suka hau bugun benci. Sai na karanta musu abin da littafin fiƙihu na Ahalari ya ce: ana taimama da ƙasa, da dutse, da abin da ya yi kama da su na daga doron ƙasa, ba a yi da katako, ko tabarma, ko ciyawa. Muka fita fili. Niyya, bugu ɗaya a shafi fuska, a sake bugu a shafi hannuwa, kuma sai lokacin salla ya shiga, ba a yin ta a ajiye. Wasu sun ɗauka sai an shafe fuska da ƙura har ta yi fari, na ce a'a, a ɗan kakkaɓe hannu.

Wata yarinya ta yi tambayar da ta fi ƙarfin aji huɗu. Ta ce, "Malam, idan ruwan akwai shi amma na sayarwa ne, kuma Baba ba shi da kuɗi fa?" Malaman fiƙihu sun yi maganar. Wajibi ne mutum ya sayi ruwan alwala idan a kan farashin da aka saba ne kuma kuɗin ba na wata buƙata ce ta dole ba. In ya wuce haka, ko ruwan da ke hannu na sha ne, taimama ta halatta. Na ƙara musu da cewa a gari irin namu, kafin a kai nan, a leƙa maƙwabta masu rijiya tukuna. Na ga alamar wasu mazan sun fara murnar samun hanyar guje wa ruwan sanyi.

Talata, 12 ga Nuwamba

Yau rigima ta tashi a kan Fatiha, kuma na bar alwala na bi ta, don ta fi muhimmanci.

Na sa wani yaro ya karanta, ɗan makarantar allo ne, karatunsa da daɗi. Da ya zo "Maliki yaumiddin" bai ja mim ba, sai 'yan Islamiyya suka yi caa, wai "Maaliki" ne. Yaron ya yi tsit, ya ƙi ci gaba. Na tambayi ajin wa ya yi daidai, hannaye suka tashi wa masu ja. Sai na ce duka biyun daidai ne. Kallon da suka yi mini, ka ce na faɗi saɓo.

Washegarin irin wannan ba a jira, don haka da aka fita tara na aika gida aka kawo mini Alƙur'ani biyu, ɗaya na Warshu mai rubutun hannu irin na ƙasarmu, ɗaya bugun Madina na Hafsu. Na buɗe musu suka gani da ido. A na Warshu fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. A na Hafsu fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Muka bi gajerun surori. Mai Warshu zai ce "Ƙula'uzu", mai Hafsu ya ce "Ƙul a'uzu". A ƙarshen Ƙulhuwallahu wannan ya ce "kufu'an", wancan ya ce "kufuwan". Na gaya musu Warshu mutumin Masar ne, ya ɗauko karatu wurin Nafi'u malamin Madina, ya rasu a shekara ta 197 bayan Hijira. Hafsu kuma ya ɗauko wurin Asimu na Kufa. Dukkansu sarƙar karatunsu ta kai ga Annabi (SAW). Warshu ce kakanninmu suka gada ta hanyar Magrib, ita ake rubutawa a allo har gobe, Hafsu kuwa ta bazu ne sosai bayan bugun Alƙahira na 1924 da kuma bugun Madina da alhazai ke dawowa da shi.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ƙaramin malami wanda ruwaya ɗaya kaɗai ya sani, ya riƙa "gyara" wa yaro karatun da ba shi da kuskure. Yaron zai koma gida yana ganin kakansa da ya rubuta Alƙur'ani da ka bai iya Fatiha ba. A garin da ke da Unguwar Juma da Kona, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantar da wannan ruwaya, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Dokar da na kafa a ajin: kowa ya tsaya kan ruwayar da ya fara da ita, kada ya gauraya biyu a sura ɗaya, kuma a jarrabawa duka zan karɓa.

Laraba, 4 ga Disamba

Hunturu ya kankama, alwala ta koma ɗosane. Ƙafa ce ta fi shan wahala, ga kaushi ga faso, yaro ba ya son ruwa ya shiga. Na kawo musu hadisin da Annabi (SAW) ya ga wasu sahabbai a tafiya suna gaggawar alwala dugadugansu a bushe, ya ɗaga murya ya yi gargaɗin wuta ga dugadugai. Ban tsaya a tsoratarwa ba, don mai faso da gaske yake jin zafi. Na ce a gaya wa iyaye a ɗan ɗumama ruwa da asuba, a shafa man kaɗanya ko basilin bayan alwala, ba gabninta ba.

Ɓangaren mata Malama ce ta kawo mini rahoto. Tambayoyinsu uku ne suka yi ta maimaituwa. Lalle ba ya hana alwala, tunda launi ne kawai ya rage a fata. Jan farce yana hanawa, domin ya rufe farce ruwa ba ya kaiwa. Kitso kuma ba sai an tsefe ba, a shafa a kansa tun daga goshi har ƙeya, amma ba a bisa ɗankwali ba. Ta ce yawancinsu ɗan gaban goshi suke taɓawa ta ƙarƙashin hijabi. Da ni kaɗai ne ba zan taɓa ganin wannan ba.

Gwajin ƙarshen zango na alwala mun yi shi da buta. Mafi yawa sun wuce, waɗanda suka rage kuma kusan duk masu fashi ne ranar fita, 'yan talla da masu raka iyaye gona lokacin kaka.

Litinin, 20 ga Janairu, 2025

Zango na biyu, salla. Mun sami tabarmi daga wata Hajiya maƙwabciyar makaranta, Allah ya saka mata. Abu na farko alƙibla. Duk yaron da ka tambaya zai nuna maka inda rana ke fitowa, alhali daga Zariya Makka ba gabas sak take ba, ta karkata arewa, wajen digiri 67 in ka auna daga arewa. Na duba da waya, muka ja layi da gawayi a jikin katanga.

Ciwon sallar yara rashin natsuwa ne. Ruku'u da ɗagowa da sujada duk a numfashi ɗaya. Na ba su labarin mutumin da ya shiga masallaci ya yi salla ya zo ya yi sallama, Annabi (SAW) ya ce masa ya koma ya yi salla don bai yi ba, har sau uku, sannan ya koya masa: ka yi ruku'u har ka natsu, ka ɗago har ka daidaita a tsaye. Yanzu in wani ya yi sauri abokansa ke ce masa "koma ka sake". Sujada kuma muna ƙirga gaɓoɓi bakwai: goshi tare da hanci, tafuka biyu, gwiwoyi biyu, yatsun ƙafa biyu. Yatsun ƙafar ne kullum ke sama suna reto.

Wani abokin aiki ya ce mini da bulala na riƙe da tuni an wuce wurin, ai hadisi ma ya ce a doke su. Hadisin yana nan a Abu Dawuda: a umarce su da salla suna da shekara bakwai, a doke su a kanta suna da goma. Amma tsakanin bakwai da goma shekara uku ce, salla sama da 5,000 ta umarni da nuni da haƙuri. Wanda bai yi wannan ba ya ɗauko bulala, ƙarshen hadisin ya riƙe ya bar farkonsa. Kuma yaron da ke salla don yana ganin bulala, ranar da ba ka nan ka san abin da zai yi.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na san ranar nan za ta zo. Wani dattijo ya iso makaranta da sassafe, ya nemi malamin addini. Muka gaisa a baranda. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ɗana ya dawo gida yana kama hannu a salla. Mu a gidanmu saki muke yi tun kaka da kakanni. In makarantar boko za ta canja masa hanya, gara in sani."

Na ce, "Alhaji, ban ce wa kowa ya kama ba, ban ce wa kowa ya saki ba. A sahu ya ga abokansa." Ajin nan akwai 'ya'yan 'yan ɗariƙa, akwai na Izala, akwai na wasunsu, Zariya ce. Ranar da muka fara salla na gaya musu hannu kowa ya yi yadda ake yi a gidansu, ba na ba da maki a kai, ba na ragewa. Na kuma gaya wa Alhajin abin da na gaya wa yaran: duka biyun daga Imamu Malik aka ruwaito su. A Muwaɗɗa akwai babin ɗora hannun dama a kan na hagu, a Mudawwana kuma Ibnul Ƙasim ya ruwaito daga gare shi cewa sakin ya fi a sallar farilla. Babu malamin Malikiyya da ya ce sallar ɗayansu ta ɓaci. Wanda bai natsu a ruku'u ba kuwa, ko ya kama ko ya saki, da sauran aiki.

Bai gamsu duka ba. Ya ce shi dai a gaya wa yaron ya bi ubansa. Na kira yaron na gaya masa haka a gabansa, domin haƙƙinsa ne, kuma ba a kan saɓo ya umarce shi ba. Da zai tafi ya ce ya lura yaron ya fara yi wa ƙannensa gyaran alwala, har uwarsa bai bari ba. Ban gane ko yabo ne ko ƙara ba.

Hedimasta ya ji labari, ya ce in rubuta dokar nan ta hannu a takarda a manna a ofis, saboda duk wanda zai karɓi ajin bayana.

Litinin, 17 ga Maris

Yau 17 ga Ramadan. Kano da Katsina da Bauci da Kebbi sun rufe makarantu saboda azumi, mu muna zuwa. Na dakatar da fita rana, muka zauna a aji muka yi Badar, tunda ranarta ce: shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi 300 da 'yan kai, Ƙuraishawa kusan 1,000. Rabin mazan gyangyaɗi suke, tashe ya hana su barci.

Abin da na yi ta fama da shi a watan nan tofar da yawu ne. Sun yarda haɗiye shi yana karya azumi, tagogin aji sun shaida. Ba ya karyawa. Wasu kuma sun daina kurkure baki da shaƙa ruwa a alwala don tsoro, na ce a yi, kada dai a kai ruwan can ciki.

Talata, 6 ga Mayu

An dawo zango na uku. Rajistar da nake yi wa alama ta nuna alwala ta zauna wa kusan kowa, taimama ma haka. Salla mai raka'a biyu yawancinsu sun yi ta a gabana ko gaban Malama ba gyara. Mai raka'a huɗu ce ke da saura, musamman zaman tahiya na farko, da sanin inda ake bayyana karatu da inda ake asirtawa. Masu fashin nan na zangon farko har yanzu su ne a baya, ga damina ta ƙarato za a sake kwashe su. Na fara ɗaukarsu su kaɗai lokacin tara ranar Laraba.

Ƙabli da ba'adi na cire su daga tsarin bana. Sun fi ƙarfin lokacin da ya rage, kuma wanda bai gama riƙe jerin raka'o'i ba, in ka ɗora masa gyaran mantuwa rikicewa zai yi. Sai aji biyar.

Abu biyu ke gabana. Na farko maki: takardar sakamako ba ta da gurbin abin da yaro ya yi a aikace, don haka na nemi a bar ni in sa gwajin buta da tabarma a madadin ɗaya daga gwaje-gwajen cikin zango, hedimasta ya ce zai duba. Na biyu, ina so in kai su cikin birni ƙofar fada su ga wurin tsohon masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu kuma wani sashensa ya rufta a Agustan 2023, su yi Azahar a cikin birnin a sahun manya. Kuɗin mota ne bai haɗu ba, kuma sai na sami takardar amincewar iyaye. Ranar Alhamis akwai taron iyaye da malamai, a nan zan ta da maganar.